Abin Da Ke Kumbura Jarkar Fetur: Bayani A Kan Matsin Tururi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan bumburutu da tsakar rana a cikin bazara, sa'ad da kwalta ke narkewa, inuwa kuma ta shige ƙarƙashin ƙafar mai ita, lalle ya ga yadda jarkar fetur da aka toshe bakinta take kumbura har ta yi ciki kamar tulu, in an murɗe murfin kuwa sai ta yi huci kamar kububuwar da aka taka. Alhali jarkar ruwa da ke gefenta, wadda rana ɗaya ce ta gasa su tare, da ƙyar za ka ga ta sāke kama. Na taɓa tambayar wani yaro mai wannan sana'a dalili, sai ya ce mini ai fetur ba ya son zafi, fushi yake yi. Dariya na yi a lokacin. Amma da na koma na yi nazarin mas'alar a tsanake, sai na tarar maganar yaron ta fi kusa da haƙiƙa bisa ga yadda na zata, illa dai ba fetur kaɗai ke da wannan fushi ba, domin ruwan sha ma yana da nasa, turare yana da nasa, har kafur da ke cikin adaka, wanda ba ruwa ba ne, yana da nasa; abin da ya bambanta su shi ne gwargwado. Malaman kimiyya suna kiran wannan abu matsin tururi, kuma sabuban da ke ɗaga shi ko su kwantar da shi su ne nake so mu bi a sannu, ya kai mai karatu.

Asalin maganar shi ne, kowane abu mai ruwa-ruwa an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya riska, kuma ba sa zama wuri ɗaya ko da ƙiftawar ido, kullum cikin kai da kawo suke, wasu da sauri wasu a hankali, suna riƙe da junansu riƙon da bai kai ya hana su motsi ba. Daga cikin waɗanda suke a fuskar ruwan, sai a sami wasu da gudunsu ya rinjayi riƙon 'yan'uwansu, su fizge su tashi sama, su zama tururi. In bakin kwanon a buɗe yake, sun tafi ke nan, ruwan ya yi ta ƙafewa har ya ƙare. In kuwa a rufe yake, waɗanda suka tashi ba su da mafita, sai su yi ta karo da murfi da bango, wasu su faɗo su koma cikin ruwan. Kuma gwargwadon yadda suka yawaita a sama, gwargwadon yawan masu faɗowa, har a kai wani haddi inda adadin masu tashi ya yi daidai da adadin masu komowa. Ka kwatanta da ƙofar birni ranar kasuwa da hantsi: mai tsaron ƙofa yana ganin mutane ba su daina shiga da fita ba, amma jama'ar da ke cikin kasuwar ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. To, ƙarfin da tururin nan ke danna bango da shi a wannan hali na daidaito, shi ne matsin tururin wannan abu.

Ba da ƙiyasi aka san wannan ba, da awo aka sani. A shekarar 1643 wani Ba'italiye mai suna Toricelli ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kasko mai zaiba, sai ya ga ta sauko ta tsaya a tsawon kimanin milimita 760, ta bar fili a sama wanda babu iska a ciki; abin da ya tokare ta a nan kuwa nauyin iskar duniya ne da ke danna kaskon. Bayan shekara ɗari da hamsin da ɗoriya, wani malamin makaranta a birnin Mancesta na Ingila, Jon Dalton, ya riƙa zura ɗigon ruwa iri-iri cikin irin wannan bututu, ɗigon ya haura ta cikin zaibar ya kai filin nan, ya yi tururi, tururin ya danno zaibar ƙasa; tsawon da ta sauka shi ne ma'aunin ƙarfinsa. Ya karanta sakamakon bincikensa a gaban 'yan'uwansa masana a 1801. Ga abin da ake samu da irin wannan awo a zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyas: ruwa yana sauko da zaiba milimita 17 da rabi, tataccen sifirit kimanin milimita 44, eta kuwa, wato ruwan nan da likitocin dā ke shaƙa wa majiyyaci ya yi barci kafin a yi masa aiki, kimanin milimita 440.

Sababi na farko, wanda kuma ya fi kowanne bayyana, shi ne zafi. Zafi a wurin masana ba wani abu ba ne face gudun ƙwayoyin nan, saboda haka duk sa'ad da aka ƙara shi, sai a ƙara yawan waɗanda suke da ƙarfin fizgewa. Amma abin lura a nan, wanda yawancin mutane ba su farga da shi ba, shi ne cewa matsin ba ya hawa taki-taki daidai da hawan zafi, ninkawa yake yi. Ruwan da matsinsa bai kai milimita 5 ba a lokacin da yake gab da daskarewa, ya zama 17 da rabi a digiri 20, kusan 32 a digiri 30, 55 a digiri 40, 92 a digiri 50, 149 a digiri 60, 355 a digiri 80, sa'an nan 760 cif a digiri 100. Dubi yadda digiri ashirin na farko suka ƙara milimita 13 kacal, na ƙarshe kuwa suka ƙara fiye da 400! Wani injiniya Bafaranshe, Kilaferon, shi ya fara ɗaure wannan ɗabi'a da ƙa'idar lissafi a 1834, sa'an nan Bajamushe Kilausiyus ya gyara ta ya inganta ta a wajen 1850, har yau kuma da sunansu biyu ake kiranta. Ita ce ke bayyana dalilin da ya sa jarkar da ta kwana lafiya cikin sanyin asuba take cika tana batsewa kafin azahar, ko da yake bambancin zafin bai wuce digiri ashirin ba.

Wannan adadi na 760 da ya sake fitowa ba dace ba ne, a nan ne sirrin tafasa yake. Kumfar tururi ba ta iya tsayawa a cikin ruwa matuƙar iskar da ke bisa ta fi ta ƙarfi, domin za a matse ta ta mutu tun ba ta girma ba. Sai ran da matsin tururin ya kai nauyin iskar, sa'an nan kumfa ta samu ikon tasowa daga gindin tukunya, mu ce ruwa ya tafasa. Ashe ke nan digiri 100 ba farilla ba ne a kan ruwa, sharaɗi ne da ya rataya ga wurin da aka ɗora tukunyar. A bakin teku, kamar Legas, haka ne. A Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi, ruwa kan tafasa a wajen digiri 96. A ƙololuwar dutsen Ebares kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, a wajen digiri 70, zafin da ba ya nuna wake ko an kwana ana iza wuta. Uwargidan da ta ƙaura daga Sakkwato zuwa Jos ta ce girkinta ya ƙara nawa, gaskiya ta faɗa, amma ba laifin itacen garin ba ne. Akasin haka kuma shi ne tukunyar nan mai kulle murfi, wadda asalinta ke komawa ga Bafaranshe Denis Fafin, da ya nuna ta a Landan a 1679 yana lausasa ƙashi da ita: an hana tururi fita, matsi ya taru, ruwa ya ƙi tafasa sai a wajen digiri 120, ganda ta nuna cikin ɗan lokaci.

Sababi na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne ɗabi'ar abin da kansa, wato ƙarfin riƙon da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Mutum zai zata nauyi ne ke hukunci, mai sauƙi ya tashi mai nauyi ya zauna, kuma akwai gaskiya a ciki in ana maganar 'yan gida ɗaya. Ɗanyen man da ake haƙowa daga ƙasa zuriya ce guda, ƙwayoyinta kamar sarƙa ce ta kabon, wata gajera wata doguwa, kuma doguwar sarƙa ta fi samun inda za ta maƙale wa 'yar'uwarta. Shi ya sa gas ɗin girki, mai kabon uku ko huɗu, ba ya zama ruwa sai an matse shi cikin tukunyar ƙarfe, fetur ya bi masa, sai kananzir, sai dizal, sai man juye wanda za ka bari a buɗe shekara ka tarar da shi. Aikin matatar mai, irin wadda aka gina a Kaduna, ba kome ba ne a farkonsa illa rarrabe wannan zuriya bisa ga wanda ya riga wani tashi.

Amma ruwa ya karya wannan ƙiyasi, kuma a ganina babu abin mamaki a duk babin da ya kai wannan. Ƙwayar iskar misen, wadda ke tasowa daga kududdufi da juji, nauyinta 16 ne a ma'aunin masana, ta ruwa kuwa 18, kusan tagwaye ke nan. Amma misen tana tafasa tun a digiri 162 ƙasa da sifiri, ruwa kuwa sai a 100 bisa sifiri. Sababin wannan tazara mai ban tsoro shi ne wani riƙo na musamman da ake kira ɗaurin haidurojin, domin ƙwayar ruwa tana da gefe mai ja da gefe mai jawuwa, kowace ɗaya tana iya kama maƙwabta har huɗu. Sifirit yana da irin wannan riƙo amma bai kai na ruwa ba, sai ya tafasa a digiri 78. Ƙwayoyin eta ba sa yi wa junansu shi, sai ta tafasa a 35, wato ƙasa da zafin jikin ɗan Adam, tafin hannunka ma ya isa ya tafasa ta. Da ruwa ya bi hukuncin nauyinsa, da babu kogi, babu rijiya, babu jini a jijiya. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ƙaddara kome bisa gwargwado.

Masu sana'ar turare sun riga malaman lissafi sanin wannan fanni da hanci da hannu. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9 na Miladiyya, ana jingina wa failasufi Ya'aƙubu ɗan Ishaƙa al-Kindi wani littafi a kan haɗa turare da abin da Larabawa ke kira tas'idi, wato hawar da ƙamshi sama da wuta a cikin tukunyar da ake kira anbiƙi, a tare shi ya huce ya ɗigo. Da haka ake fid da ruwan wardi. Kuma duk wanda ya saba da shafa turare ranar Juma'a ya san na fesawa mai sifirit yana bugun hanci nan take ya gushe kafin la'asar, na mai kuwa, irin su sandal da miski da udu, yana kwana a riga har a kai ta wanki, domin ƙwayoyinsu manya ne, matsin tururinsu ƙanƙane. Turaren wuta ma hikimarsa ke nan: icen da ba ya ƙamshi sosai a cikin kwalba, da ya hau garwashi sai sababi na farko ya taimaki na biyu, ɗaki ya gauraye.

Daskararrun abubuwa ba su kuɓuta ba. Kafur da ake sakawa cikin tufafi yana ƙanƙancewa har ya ɓace ba tare da ya narke ba, ƙanƙara ma tana da nata tururin. Zaiba kuwa, wadda matsinta a zafin ɗaki bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ɗan wannan ya isa ya zama dafi a ɗakin da ba ya shan iska. Balle masu haƙar zinariya da ke ƙona ta a buɗe don su raba ta da zinariyar, fuskarsu na bisa kasko, suna shaƙar abin da ba shi da launi ba shi da wari, yana kuwa cin ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Sababi na uku shi ne gauraye. Wani malami a jami'ar Giranobul ta Faransa, Ra'ul, ya tabbatar a 1887 cewa in aka narkar da abin da ba ya tashi, kamar gishiri ko sukari, a cikin ruwa, matsin tururin ruwan yana raguwa gwargwadon rabon da baƙin ƙwayoyin suka ci daga jimlar ƙwayoyin. Ruwan teku, mai gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, matsinsa ya gaza na ruwan daɗi da kamar kashi biyu cikin ɗari, tafasarsa kuma ta jinkirta da kamar rabin digiri. Saboda haka ɗan gishirin da ake barbaɗawa a tukunya ba ya gaggauta tafasa kamar yadda wasu ke riyawa, jinkirta ta yake yi, jinkirin da ba wanda zai iya lura da shi. Amma in ruwa ya sha gishiri har ya ƙoshi, matsinsa kan faɗo zuwa kashi 75 cikin ɗari, a nan ne kuma za ka gane wata mas'ala da kowace mai girki ta sani ba ta san dalilinta ba: me ya sa gishiri ke jiƙewa a cikin Agusta ba wanda ya zuba masa ruwa? Domin laimar iska ta haura wannan haddi na 75, sai ciniki ya juya, masu sauka suka fi masu tashi yawa, gishirin ya riƙa jan ruwa daga iska. Zuma ma haka take in an bar ta a buɗe da damina, ta tsinke ta yi tsami. A Balma kuwa, cikin Sahara, inda iska ta bushe ƙayau, ruwan gishiri ba ya samun wannan rangwame, dole ya ƙafe ya bar kantun da ayarin raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawowa ƙasar Hausa.

Yanzu sai mu zo ga inda ake yawan ruɗewa, har ɗaliban makarantun sakandare sukan faɗi a kansa a jarrabawa. Faɗin kwano ba ya canja matsin tururi. Yawan ruwan ba ya canja shi. Kaɗawar iska ma ba ta canja shi. Abin da waɗannan ke canjawa shi ne saurin ƙafewa, wanda wani abu ne dabam. Ruwan faranti ya riga na kwalba ƙarewa domin ƙofarsa ta fi faɗi, amma in ka rufe su duka biyu ka auna, awo ɗaya za ka samu, tun da ƙofar da ta yalwata ga masu fita ta yalwata ga masu shiga. Shanya tana bushewa cikin sa'a guda da hunturu, ko da yake ana sanyi, domin iskar ba ta ɗauke da tururin da za ta mayar, kuma tana kwashe wanda ya tashi. Da damina kuwa ta wuni a igiya ko ana gumi. Randa ma da wannan take sanyaya ruwa, gama masu tashi daga jikinta su ne mafiya zafi, kuma tashin kilo guda na ruwa yana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A kan wannan asali ne Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Togaciya guda ce masana suka yi, wadda Tomson, da aka fi sani da Kelbin, ya bayyana a 1871, cewa ɗigon da ya ƙanƙance matuƙa matsinsa ya fi na shimfiɗaɗɗen ruwa. Shi ya sa girgije ba ya ƙulluwa sai ya sami ƙwayar ƙura ko ta gishiri da zai taru a kanta.

Tukunyar gas ita ce hujja mafi kusa a kan cewa yawa ba ya hukunci. Matuƙar akwai sauran ruwan gas a gindinta, matsin da ke ciki zafin wurin da irin gas ɗin ne ke yanke shi, ba cika ko raguwa ba; saboda haka agogon matsi ba ya gaya maka gaskiyar abin da ya saura, sikeli ne ke faɗa, da kilo ake saya da kilo kuma ya kamata a duba. Irin gas mai kabon uku yana danna ƙarfen da kimanin ninki takwas na nauyin iska a digiri 20, ya haura ninki goma sha uku a digiri 40. Wanda ya jingine tukunyarsa a rana, ko kusa da murhu, ya san abin da yake yi wa kansa. Mai sayarwa kuma da ya cika ta fal, bai bar filin da ƙa'ida ta ce a bari ba, wato kamar ɗaya bisa biyar, ba kyauta ya yi maka ba.

Bari in koma ga yaron nan da jarkarsa. Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da isasshen tururin kamawa tun a wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, wato babu wani dare na hunturu a ƙasar nan da zai kwantar da shi; kananzir na gaskiya sai ya kai wajen digiri 38 ko fiye, dizal sai ya haura 50. Wannan tazara ita ce ta halatta a zuba kananzir a fitila da risho, kuma ita ce azzalumin da ke gauraya shi da fetur don riba yake rushewa, domin ɗan fetur kaɗan ya isa ya cika cikin fitilar da tururi mai jiran ashana. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku ko huɗu, ba ya tashi sama ya watse, bin ƙasa yake yi kamar ruwa, ya gangara kwata, ya shiga rami, ya kai inda ruwan man bai kai ba. Kuma kashi biyu cikinsa a ɗari na iska sun isa tashin wuta. Shi ya sa durom ɗin da aka juye ya fi cikakke haɗari ga mai walda.

A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ba na zargin mamaci, na kuwa san talauci ne ke tura mutum bakin kwata da bokiti. Amma man da ya malale a faɗin titi ya sami ƙofa mafi faɗi da zai samu, kuma duk wanda ke jin warinsa, to, a cikin tururin yake tsaye, ko da ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Ina roƙon limamai da malaman makaranta da masu unguwanni su faɗa wa jama'a wannan da Hausa, tun kafin wata tankar ta faɗi: in ka ji warin fetur a inda mota ta kife, kada ka kunna kome, kada ka tada babur, ka kama hannun yaro ku nufi inda iska ke fitowa, ku hau tudu.